TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Yayen Abba

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na fito daga mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, da takardar gwaji a hannuna likita tace cikin wata biyu ne, ga Abba a bayana yana ta jan mayafina yana ƙananun kuka wai nono yake so. To daga nan zan ɗora.

Shi Abba kamar yadda na faɗa muku a baya na haife shi ne a satin da ƙugiyar ginin nan ta faɗo a Harami, watan Satumba na 2015, shi yasa ban taɓa ruɗewa da lissafin watanninsa ba. A lokacin da nake baku labari muna tsakiyar Sha'aban na 1438, saura sati biyu azumi, yana cikin wata na ashirin da ɗaya kenan. Ni a raina so nake in cika masa shekara biyu cif kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 233, saura wata uku kacal fa, amma ina, Allah ya riga ya tsara nasa.

Likitar Bamisriya ce mai faɗa amma tana da kirki, tace min nonon mai ciki ba guba bane, mace da yawa suna shayarwa da ciki lafiya lau, sai dai ni jinina ya yi ƙasa ga amai ga rama, gara in yaye shi amma a hankali, in rage masa sau ɗaya a rana, bayan kwana uku ko huɗu in ƙara ragewa, na dare ya zama na ƙarshe. Na dawo gida na tura wa Inna saƙon murya a WhatsApp, wallahi ko minti biyar ba a yi ba ta maido min da nata har guda huɗu. "Kwanika kika yi kenan? Innalillahi. Maza ki cire shi yau ɗin nan kar ya sha ciki, wace irin a hankali, mu da muka yaye ku bakwai rana ɗaya muke yi." A Katsina abin mai sauƙi ne ai, a yi wa yaro rubutu, a dama kunu, a ɗauke shi a kai wa kakarsa ya yi sati ko fiye, kafin ya dawo ya manta. To ni tawa kakar tana can ƙetaren Bahar Maliya, ta wajen uba kuma Allah ya mata rasuwa tun kafin aurenmu.

Na yi wa Baban Abba maganar ko zan je gida in yi azumi a can, ya dube ni kawai ya yi murmushi irin na wanda aljihunsa ya riga ya bashi amsa. A lokacin kowa a Shari Mansur da ke nan Makka maganar da yake yi kenan, wai daga watan Yuli za a fara karɓar Riyal 100 duk wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin igamar maigida, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ni da Abba 200 kenan, ga na ciki yana tafe, ga kuɗin haya. Ban sake tayar da zancen tikiti ba.

Kwana biyar na yi ina bin tsarin likita. Da rana abin yana ɗan yiwuwa, in ya tashi rigima in miƙa masa dabino ko laban a kofi, amma da dare yaron nan ko mayen ƙarfe albarka, sai ya tashi sau uku sau huɗu, in na hana shi ya dinga buga kansa da ƙirjina yana ihu har maƙwabta su ji, ni kuma zuciyata bata da ƙwari sai in ce to wannan ne na ƙarshe. Cerelac ɗin da babansa ya sayo daga saidaliya, wato kantin magani, ko kallonsa baya yi.

Ranar na shida da safe Sitti ta hawo sama da kanta, tana hutawa a kowane mataki saboda ciwon gwiwa.

Bari in ɗan tsaya a kan Sitti don ban taɓa baku labarinta sosai ba. Tsohuwa ce da ke hawa na ƙasa a gidan da muke haya, jikokinta ke kiranta Sitti irin na mutanen Makka mu ma muka bi. Mahaifinta da ƙafa ya baro ƙasar Haɗeja, ya yi shekaru a Sudan yana aikin auduga a Jazira yana tara guzuri, sannan ya haye ta Sawakin, ita kuma a nan Makka aka haife ta, bata taɓa ganin Najeriya da idonta ba. Hausarta irin ta da ce gauraye da Larabci, wata kalmar in ta faɗa sai in tuna kakata. Ta zauna ta gama numfashi tace "Ya binti, kwana biyar ba mu yi barci ba, yayen yaro kike ko yanka shi kike a sannu?" Nace Sitti likita ce tace a hankali. Tace "Likita tana kwana da ku? Kawo shi."

Da farko sabir ta aika aka sayo wajen masu kayan ƙamshi da magani, wani baƙin abu mai ƙyalli kamar ƙaro, ɗacinsa ya fi maɗaci, aka jiƙa na shafa. Abba ya kama ya saki ya yamutse fuska kamar zai yi amai, ya kalle ni ya kalli nonon, sai kawai ya jawo gefen rigarsa ya goge tas ya ci gaba da sha abinsa. Sitti ta yi dariya har da hawaye tace wannan Bakatsine ne na gaske, dabara bata kama shi, sai dai raba kwana. Gaskiya daga baya ban ji daɗin shafa masa abin ba, don na ji ance yana iya sa yaro gudawa, da yanzu ne ba zan yi ba.

Inna ta dage sai an masa rubutu, nace mata Inna nan ƙasar ba a wannan a fili, sai Sitti ta ɗauko ruwan Zamzam ta karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi ta tofa ta bashi ya sha, ta shafe masa kai da sauran. Aka sayo gero, dukhun suke ce masa a nan, ta dama kunun gyaɗa mai kauri da hannunta. Bayan isha'i na haɗa masa kayansa a leda, riga uku da Pampers da 'yar motarsa, Baban Abba ya sauka da shi wai za su je sayen alawa a bagala, wato shago.

Hawa ɗaya ne fa tsakaninmu. Da ace Katsina aka kai shi da ya fi min sauƙi, don ba zan ji ba. Wajen ƙarfe ɗaya ya fara, "Mama, Mama," ina jinsa ta ƙasan tayil kamar a kunnena, na ƙure mukayyif, wato AC, don ƙararsa ta danne kukan amma a banza, na toshe kunne da filo ina kuka shi ma yana yi. Baban Abba yace haba ke kuma, ke aka yaye ko shi? Ban kula shi ba. Dare na biyu wajen ƙarfe uku na lallaɓa na sauka babu takalmi, nace ko leƙa shi in yi ta taga, ashe tsohuwar nan tana zaune a bayan ƙofa da carbinta. Ko buɗewa bata yi ba tace "Koma, na san takunki. In ya ganki yau mun koma farko." Haka na zauna a kan matakala cikin zafin nan na Makka da ko dare baya sauka, har aka yi kiran sallar farko.

Ga nono kuma ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu bana iya ɗagawa, har da zazzaɓi. Sitti tace in ɗaure da zane tamau kar in kuskura in tatsa, ta aiko min da shayin maramiyya wai yana busar da ruwan nono. Shayin dai ban sha ba saboda likita ta ja min kunne kar in sha komai da cikin nan in ba Panadol ba, ɗaurin ma kwance shi na yi, na dinga tatsar kaɗan iya yadda zan samu sauƙi ina ɗora tsumma mai sanyi kamar yadda ta koya min. Sitti har yau bata sani ba, ɗaurinta take yabo.

Dare na uku shiru. Abin mamaki shirun ya fi kukan tayar min da hankali, har na tashi Baban Abba nace ya sauka ya duba ko lafiya, ya dawo yace yaro ya sha kunu kofi guda ya yi ɗai-ɗai a bayan Sitti yana munshari.

Sai da ya kwana biyar ta yarda na shiga. Na yi kwalliya kamar mai zuwa biki, na riƙo masa biskit, ina sallama ya ɗago ya kalle ni ga kunu duk a gemunsa, na buɗe hannu nace Abbana zo. Wallahi yaron nan sai ya juya ya ɓuya a bayan Sitti ya riƙe zanenta. Tace fushi ne, duk haka suke yi, kwana biyu zai huce. Na yi dariyar yaƙe na ajiye biskit ɗin na hau sama, abin da na yi a banɗaki ni da Allah muka sani.

Ya huce ɗin kuwa, ana gobe azumi ya dawo ɗakinmu, ya kwanta a jikina ya tura hannu cikin rigata ya riƙe kawai bai nemi sha ba har barci ya ɗauke shi. Aka ɗauki azumi ranar Asabar 27 ga Mayu. Ranar uku ga wata ina tsaye a kicin ina soya sambusar buɗa-baki na ji marata ta murɗa, na shiga banɗaki na duba sai ga jini, ga Baban Abba ya ɗauki fasinja zuwa Jidda wayarsa bata shiga.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.