Ciwon yana gindi, ni ina ta fama da ganye

A watan Nuwamba na 2021 na dasa wata 'yar bishiya a bayan gidan da muke zaune a Manchesta. Rowan ake ce mata. Ganyenta ne ya ja ni, don jere yake biyu-biyu a silli ɗaya kamar na darbejiya, kullum na kalle shi sai in tuna ƙofar gidanmu. A watan Mayu takan yi farin fure, wajen Agusta kuma ta cika da jajayen 'ya'ya, tsuntsaye su yi ta rububi. Mutanen Sikotilan na dā a bakin ƙofa suke dasa ta, wai tana korar mayu. Ni dai inuwa nake so.

Ƙannena, musamman ku da karatu ko aiki ya kai ƙasashen sanyi har kuka samu ɗan fili kuna sha'awar dashe, bari in ba ku labarin yadda na kusa kashe ta da hannuna, alhali a zatona jinyarta nake yi.

A Yulin 2022 aka yi zafin da Ingila ba ta taɓa gani ba. Ranar 19 ga watan ma'auni ya haura digiri 40 a karon farko. Ganyen bishiyar ya yi yaushi, ya koma rawaya, bakin-bakinsa ya bushe. Wanda ya tashi a inda rana ke kashe dashe in ya ga yaushi, ƙishirwa kawai zai kawo a ransa. Sai na saka tiyo, safe da yamma. Ban san ƙasar gidan yumɓu ce ba, kuma ramin da na haƙa ya zama kamar randa, ruwa ya shiga ba ya fita. Saiwa tana numfashi, in ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, ta kasa tura ruwa sama. Shi ya sa bishiyar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ta rasa shi duk yaushi ɗaya suke yi. Da na tura yatsa cikin ƙasa sau ɗaya, da na gane.

Da abin ya ƙi, na zuba takin zamani. Ya ƙi. Na sayo maganin feshi ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Kuɗi dai sun tafi.

Daga nan na faɗa intanet, inda na ƙara ɓata. Turawa suna kuma kiran bishiyar mountain ash, sai na ci karo da labarin wata annoba da aka tabbatar da shigarta Birtaniya a 2012, wadda take ta hallaka wasu manyan itatuwa da ake kira ash. Na kwana ina jimami. Ashe suna ne kawai ya haɗa su, saboda kamannin ganye. Rowan dangin tuffa ce da furen wardi, wannan annoba ba ta kama ta. Ku tabbatar da ainihin sunan abin da kuka dasa kafin ku nemi cutarsa. Sorbus aucuparia ne sunanta a wajen masana, yana nan rubuce a 'yar takardar da na yanke na jefar ranar dashe.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana kallona ta saman shinge, shi ya fid da ni. Bai ko ɗaga kai ya dubi ganyen ba. Durƙusawa ya yi ya tone gindin da hannu. Ya nuna mini inda kututture ke buɗewa ya zama saiwa, wurin da ya kamata ya zauna daidai da fuskar ƙasa, ni kuwa na binne shi kusan taƙi guda, na kuma tara ruɓaɓɓen ganye na jingina masa. Ɓawon wurin ya jiƙe ya yi baƙi. Sama kaɗan ga tabon da injin yankan ciyawa ya yi mata. Can sama kuma robar da na ɗaure ta da ita a turke ta fara nutsewa cikin ɓawo. Uku duk aikina ne. Na bar jaki ina ta dukan taiki.

Ya kankare ɓawon wani reshe da farce, muka ga kore shar, ya ce da sauran rai. Sannan ya faɗa mini cututtukan da ya kamata in ji tsoro da gaske. Ta farko ƙwayar bakteriya ce da ke kama dangin tuffa, tana yawan shiga ta fure. Alamarta ba ta ɓuya: fure da sabon toho su yi baƙi kamar wuta ta babbake su, kan tohon ya lanƙwashe kamar ƙugiya, busasshen ganye ya maƙale ya ƙi faɗuwa, in ka ɓare ɓawo ka ga ja-ja a ƙarƙashi. Maganinta yanka ne, santimita 30 ƙasa da inda ciwon ya tsaya a ƙaramin reshe, 60 a babba, kana goge almakashi da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka. Ta biyu ta fi muni, wani naman kaza ne mai launin zuma da ke cin saiwa. In ka ɗaga ɓawon gindi ka ga farin abu ya shimfiɗu kamar takarda yana warin naman kaza, to sai haƙuri, a tumɓuke har saiwa. Tawa ba ta da ko ɗaya.

Ban taɓa ta ba sai Nuwamba, bayan ganye ya zube ta yi barci. Muka ɗago ta da ƙasarta, na yanke baƙaƙen saiwoyi masu wari, muka faɗaɗa ramin ba tare da zurfafa shi ba, ta zauna ɗan sama da yadda take. Na cire ciyawa kewaye da ita faɗin mita ɗaya don inji ya daina kusantar ta, na janye ruɓaɓɓen ganyen daga jikinta, na sassauta ɗaurin. Ban ruwa ya koma bokiti guda ko biyu a mako, shi ma sai an daɗe ba a yi ruwa ba, sai kuma na tona da yatsa na ji ƙasa ta bushe.

Shekarar da ta biyo ba ta yi fure ba, rassa biyu ma sun mutu na datse. A Mayun 2024 ta fitar da fure dunƙule huɗu. 'Ya'yan ban samu na ɗauki hotonsu ba, tsuntsaye sun riga ni.