Asabar a Dagona, cikin hunturu

Tun kafin assalatu na farka a masaukina na Gashuwa. Sanyi ya yi tsanani, har ruwan alwala sai da na ɗumama. Ina idar da sallah ɗan acaɓa ya iso, na naɗe kyamara da tsohon rawani saboda ƙura, muka kama hanyar Dagona, tabkin da aka killace domin tsuntsayen ruwa a Jihar Yobe. Hazo ya rufe gari, rana ta fito fara tas kamar faifai, ana iya kallonta ido da ido.

Ma'aikacin gandun daji da ya karɓe ni shi ya haɗa ni da wani dattijo masunci mai kwalekwale. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi kyamarar ya ce, "Ɗana, kai ma tsuntsayen Turawa ka zo wa?" Na ce, "Su da namu duka, Baba, amma gauraka nake so." Bai ce komai ba, ya dafa gora ya tura mu cikin ruwa.

Kunne ya riga ido. Kirinjijiya ce ke ta fito daga kowace kusurwa, siririn fito sau uku a jere, kafin hazo ya ɗan yaye in gan su jere a bakin gaɓa da fararen fuskokinsu. Can gefe dinya uku na kiwo, manya, baƙaƙe, ba su ko ɗaga kai ba. Zalɓe na tsaye a ƙarƙashin bagaruwar da ruwa ya ci rabinta. Balbelu kuwa sun bi wani garken shanu da ya sauko shan ruwa.

Baba ya daina tuƙi ya nuna min tsakiyar tabkin da haɓa. Da farko na ɗauka ganyen bado ne ya rufe ruwan. Sai da na sa madubin hange na ga ashe agwagi ne, ƙanana, masu yawan da ba zan iya ƙirgawa ba. Namijin yana da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, kamar an ja masa alli. Cikinsu akwai wasu masu dogon wuya da wutsiya mai tsini. Waɗannan a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, in sanyi ya kama can su keto Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, sai wajen Maris su juya gida. Na daɗe ina kallon wata guda da ta zo kusa da mu tana gyaran gashi. Ba ta kai rabin kazar gida ba. Na yi ta tuna cewa wannan 'yar halittar ta ratsa hamadar da mota ke kwanaki ba ta gama ba, na ce Subhanallahi a fili.

Shirwa ce ta tashe su. Ta yi shawagi ɗaya, sai ruwan ya ɗaga sama gaba ɗaya, ƙarar fukafukai kamar an saki ruwan sama a kan kwano. Na danna kyamara har yatsana ya yi tsami. Da na duba, yawancin hotunan toka-toka ne, ƙurar hunturu ta shanye launin. Biyu ne suka yi kyau, kuma na gode Allah da su.

Muna dawowa ta wata hanya sai kwalekwalen ya cije. Kacalla ce, wata ciyawar ruwa, ta fi tsayin mutum, ta yi kauri kamar danga. Baba ya yi ta sara da adda, gumi na zuba duk da sanyin. Ya ce nan da muke, babbar hanyar ruwa ce a zamanin ƙuruciyarsa, a nan suke jefa birgi su kamo karfasa da tarwaɗa. Ya ce yana nan lokacin da mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya zo kallon tsuntsaye a 1989, kuma ruwan lokacin ba haka yake ba.

Abin da ya faɗa ya dace da abin da na sani. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, a kan kogunan da ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja mai shayar da waɗannan fadamu. Da can kogi yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta kashe ciyawa. Yanzu ambaliyar ta ragu, wasu wurare kuma ba sa bushewa ko kaɗan, kuma irin ruwan da kacalla ke so ke nan, mai kwanciya duk shekara. Ta toshe hanyoyi, ta cinye gonakin shinkafa, sannan ta zama gidan jan baki, tsuntsun da ke sauka kan hatsi kamar hayaƙi. Wannan ya tsaya min a rai sosai. Na zo ina murnar tsuntsu, ga mutumin da tsuntsu ya sha cinye masa gona yana tuƙa ni ba tare da ƙorafi ba. Baba ma, kamar agwagin, ruwa buɗaɗɗe yake nema.

Na sake tambayarsa gauraka. Ya ce, "Ɗana, da kukansu ke tashinmu da asuba. Yanzu na manta rabon da in ga ko ɗaya." Masu kamawa su sayar wa masu gidaje sun yi musu illa, wuraren da suke sheƙa kuma sun ragu. Tsuntsun da ake ɗauka a matsayin alamar Najeriya ke nan, amma yaran ƙauyen da suka kewaye ni a gaɓa ba su san shi ba. Na nuna musu hotonsa a waya, wata yarinya ta taɓa tukkun zinariyar da ke kansa ta tambaye ni ko hula aka sa masa.

Na sayi bandar kifi a hanya, na iso masauki bayan la'asar. Na share gilashin kyamara, na sa batir a caji. Mun yi da Baba gobe zai kai ni wani lungu ta yamma, inda ya ce a can ya ga gauraka na ƙarshe.