Harafin Ummi

Ɗana na fari (ku yi haƙuri, ba zan kama suna ba) ya shiga aji ɗaya yana rera A zuwa Z ba gargada. Har alfahari nake yi da shi a gidan suna. Sati uku da farawa, malamarsa ta nuna masa M a allo, ya tsaya yana zare ido. Ashe waƙa ya haddace, bai san kamannin harafi ko ɗaya ba. Kuma ni na koya masa hakan, da tsawa, wani lokaci har da bulala.

Da aka zo kan Ummi sai na sake dabara. Harafin sunanta kaɗai na fara da shi. Na zana U da tsinke a tsakar gida, na ce mata ga ƙoƙonki nan. Shi ke nan ta shiga farauta. In mun hau Keke Napep daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, idonta na kan allunan shaguna, sai ka ji ihu, "Mama, ga nawa!" Har mai keken yakan waiwayo. Daga nan muka kama ba, bi, bu da Hausa, don ta ji sautin a harshen da take magana da shi kafin Turanci ya zo da rikicinsa.

Wani abu ya so ya tayar min da hankali. Da yake tana zuwa makarantar allo, sai ta riƙa fara rubutun boko daga dama. Kakarta ta ce, "Ke, bar yarinya, hannu ne bai rarrabe ba tukuna." Na riƙa ɗiga mata alama a gefen hagu na takarda, a hankali ta daina. Ita kakar kuwa nata aikin tatsuniya ne bayan isha'i, in ta gama sai ta sa Ummi ta maimaita mata abin da Gizo ya yi wa Ƙoƙi tun daga farko.

Duk wannan shiri, na manta da ƙaramin abu. Ranar farko a makarantar boko Ummi ta dawo da taliyarta yadda na zuba ta. Murfin kular ne ya gagare ta, kunya kuma ta hana ta roƙon malama. A daren muka zauna kan tabarma, tana buɗewa tana rufewa, ina koya mata yi wa malama magana, har da yadda za ta ce, "Malama, zan zagaya."