Ɗingishin da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa

Karen da nake kiwo a unguwar Banifandu irin na Jamus ne, wanda mu a Yamai muke ce wa berje alman. Yana wata 7 ya soma ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Na duba tafin, ba ƙaya, ba rauni. Ta lafa, ta hagu ta ɗauka. Mai gadinmu ya rantse yaran unguwa ke jifar sa ta saman katanga.

Likitan dabbobi ya lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, kare bai ce uffan ba. Da ya matsa tsakiyar dogon ƙashin da yatsa sai ya ƙwala ƙara. Ya ce, "Malam, ciwon nan can ciki yake, wajen ɓargo." Hoton ƙashi ya nuna wani fari-fari kamar hazo a ciki. Sunan cutar panosteyitis. Takan kama manyan karnuka masu saurin girma tsakanin wata 5 zuwa 18, maza sun fi, kuma takan tafi da kanta kafin kare ya kai shekara 2. Sai da ya ɗibi jini kuma, don cutar kaska ma tana sa ɗingishi da zazzaɓi, ga kaska a Yamai da damina ba a magana.

Magani ɗaya ya rubuta, melozikam, mai rage ciwo da kumburi, gwargwadon nauyin kare, a ba shi tare da abinci. Ya ja kunnena kan ibuprofen ɗin da ake talla a kan tire: yana cin cikin kare, yana lalata ƙoda.

Wajen abinci aka yi gardama a gida. Kowa ya ga kare yana ciwon ƙashi sai ya ce a ƙara nama, a daka ƙashi a zuba, a sayo kalsiyom. Likita ya ce ko kusa, yawan kalsiyom da ƙiba su ke ɓata ƙashin kwikwiyon da ke girma. A auna masa abincinsa, in ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari. Matata har yau gani take rowa muke masa.

Sa shi ya huta ne ya fi ba ni wuya, domin da magani ya kama shi sai ya manta da ciwo, ya nemi tsallake kujeru. Na daina jefa masa ƙwallo. Bayan asuba, kafin ƙasa ta yi zafi, mu ɗan taka da igiya mu dawo. Abincinsa nakan warwatsa shi a kusurwoyin tsakar gida ya bi da hanci yana nema, wannan na gajiyar da shi ba tare da gudu ba. Inda siminti ke santsi na shimfiɗa tabarma.

Ɗingishin ya riƙa dawowa, kowane zuwa ya fi na baya sauƙi. Ranar da ya ƙi abinci ko jikinsa ya yi zafi, ba na jira, asibitin dabbobi muke komawa.