Falon Alhaji da tayil ɗin da bai kai ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata, bayan shekara uku ina zanen gini a ofishin nan namu na Sabon Garin Zariya. Waɗanda muka zauna tare sun san labarin falon Alhaji na Gyallesu, amma daga bakin Oga suka ji shi. Ga nawa.

Ina wata na biyar da kama aiki, Oga ya ajiye min zane a tebur, ya ce in lissafa tayil kafin la'asar. Na ɗora rula, falo ya ba ni santimita 3 da 4. Duk zanen da na taɓa riƙewa a ofishin a sikelin 1:100 yake, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Na rubuta 3 sau 4, sikwaya mita 12. Har na tashi zan miƙa, sai idona ya kai kusurwar takarda: 1:200. Na yi hamdala, na ce Allah ya rufa min asiri. Tunda sikeli ya ninka, sai na ninka amsar, na rubuta 24.

A nan na tafka ta. Ba tsawo kaɗai ya ninka ba, har da faɗi. Falon mita 6 ne da mita 8, sikwaya mita 48 cif. Ninki biyu nan, ninki biyu can, fili ya tashi ninki huɗu. Da ninki uku ne, tara zai tashi. Tun sakandare aka koya mana wannan, na kuma ci shi a jarabawa, amma bai shiga kaina ba sai ranar da na tsaya a tsakiyar falon nan, rabi tayil rabi siminti, mai sa tayil yana zaune a kan bokiti yana kallona.

Irin tayil ɗin ya ƙare a shago. Aka karaɗe Zariya, aka je har Kano, wanda aka samo ya ɗan fi duhu. Alhaji mutumin kirki ne, cewa ya yi, "Ƙaddara ce, yarona, kafet zai rufe." Oga kuwa a bainar jama'a ya ce, "Kai, wa ya ba ka difloma?" Na ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai." Kuɗin motar Kano da bambancin farashi duk daga albashina aka cire.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma Oga ne ya rage zanen don ya shiga takarda ɗaya, bai gaya wa kowa ba, kuma sa hannunsa ne a ƙasan lissafin. Mutum ya shekara ashirin a sana'a, ya ga falon babban gida sikwaya mita 24, gabansa bai faɗi ba? To, na bar ta nan.

Tun ranar nakan mayar da tsawo mita, in mayar da faɗi mita, sannan in nemi fili. Zanen da ya bi ta injin fotokwafi kuwa ba na yarda da sikelinsa. Daga babbar takarda A3 zuwa ƙarama A4 tsawo yana komawa kashi 71 cikin ɗari, fili ya koma rabi, amma 1:100 ɗin yana nan a rubuce kamar babu abin da ya faru. A bi awon da aka rubuta a gefen bango. Duk takardar da aka sa maka hannu, ka ajiye kwafi.

Bara ƙanen mahaifina ya je sayen fili wajen Shika. Ɗari-da-ɗari ya fi ƙarfin aljihunsa, dillali ya ce ya ɗauki hamsin-da-hamsin a rabin kuɗi. Na ce, "Baffa, wannan kwata ne, ba rabi ba." Sikwaya ƙafa 2,500 cikin 10,000. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa, na raba gida huɗu. Dillali ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tambaye ni wa ya koya min aiki. Na ce masa wani falo ne a Gyallesu.