Wasiƙa daga Italiya: shugaban da talaka bai dangwala wa ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Birnin Kebbi, Argungu da Jega. Ina gajiya, ya aikin fadama?

Kun sha tambayata wa ke riƙe da ƙasar nan, Mattarella ko Meloni. Gwamnati dai tana hannun Firaminista Giorgia Meloni. Sergio Mattarella shi ne shugaban ƙasa, amma babu talakan da ya taɓa shiga layi domin ɗora shi a wannan kujera. 'Yan majalisun tarayya biyu ne ke taruwa a Rum, da wakilai 58 na yankuna, su ba mutum wa'adin shekara 7, kamar zaman masu zaɓen sarki a Gwandu, sai dai su ɗaruruwa ne.

A zagaye uku na farko sai an samu kashi biyu cikin uku. Daga na huɗu, abin da ya haura rabi ya isa. A Janairun 2022 mutum 1,009 suka yi ta jefa farar takarda ana cinikin suna a bayan fage, har suka gaji suka roƙi Mattarella ya zarce, ko da yake dattijon ya riga ya ce ba ya son ƙari. A zagaye na takwas ya samu ƙuri'a 759. A 1971 kuwa sai da aka yi zagaye 23.

Na san za ku ce ai daliget ke nan, a bi su otal da dala. To, a ɓoye ake jefa ƙuri'ar, kuma ɓoyon nan ba ya jin maganar uban gida. A 2013 jam'iyyar tsohon firaminista Romano Prodi ta tafa masa da safe a matsayin ɗan takararta na shugaban ƙasa, da yamma kusan mutum 100 daga cikinta suka yi masa zagon ƙasa.

Ni a ganina, amfanin kujerar yana fitowa ne ranar da gwamnati ta wargaje. Tun da shugaban ƙasa bai yi kamfe ba, kowane ɓangare na iya zama gabansa ba tare da jin an kayar da shi ba. A 2018 Mattarella ya ƙi amincewa da Paolo Savona a matsayin ministan tattalin arziki. A 2021 shi ya kira Mario Draghi ya haɗa gwamnati.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana wannan. A 1963 tsarin mulki ya ɗora wa majalisa zaɓen shugaban ƙasa, ya kuma ambaci Zik (Nnamdi Azikiwe) a matsayin na farko, mulki na hannun Firaminista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan rigimar zaɓen Disambar 1964, Zik ya yi kwanaki bai kira Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, sai da aka shiga tsakani a Janairun 1965.

Wa'adin Mattarella sai 2029. A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan Kebbi a Turin