Hita guda ta cinye muna baturan solar unguwa

Duk masu shirin haɗa kuɗi da maƙwabta a saka sola ta unguwa, don Allah kafin ku sayi farantin sola ko guda ku zauna ku gama zancen hita (ta ɗumama ruwa) da dutsen guga. Mu nan Argungu da baki kawai munka yi wanga zance, har yau in na tuna baturan da munka zubar sai raina ya ɓaci.

Tunda anka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, janareto ya gagari kowa a layinmu, ita kuma wutar layi ga turakunta nan daga Kainji sun ratsa Birnin Kebbi har Yamai amma mu sai mu kwana mu wuni ba mu gan ta ba. Shi ya sa munka kafa ƙungiyar gama kai, da shugaba da ma'aji, kowane gida da abin da yake zubawa a wata, ni anka ba makullin ɗakin batir don ina taɓa wayarin. Sayen kaya da kafawa duk lafiya lau.

Sharaɗin shi ne ƙwai da fanka da cajin waya da talabijin, shi ke nan. Kowa ya ce ya yarda, har anka shafa fatiha.

To da hunturu ya kama sai inbata, na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka tun kafin asuba, wuta ta mutu. Na ɗauka ƙura ce, na riƙa hawa ina goge farantan da sassafe, kuma gaskiya ƙurar hunturu tana rage caji sosai, amma ba ita ba ce. Ashe a wani gida hita ake tsomawa a bokiti kullum da dare saboda ruwan wanka. Ku yi lissafin da kanku: batir mai 200Ah na 12V kilowat-awa 2.4 yake ɗauka, kuma irin namu mai ruwa rabi kawai ake so a sha, wato 1.2. Hita mai wat 1,000 zuwa 1,500 cikin awa guda ta lashe rabon batir sukutum, ƙwan LED mai wat 10 kuwa sai kun kunna ɗari kafin su kamo hita ɗaya. Hita ɗaya fa! Kuma ba kashe wutar ne ya fi min ciwo ba, tatse batir har ƙasa kullum shi ke kashe shi, ga ɗakin namu rufin kwano ne ba taga, da bazara ta shigo zafi ya wuce digiri 40 sai ya ƙarasa su, don batir mai ruwa ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Abin da ya kamata ya yi shekaru, damina ba ta ƙare ba ya zama na 'yan gwangwan.

A taro da ƙyar munka rabu lafiya. Wani dattijo ya ce min, ɗana ka bar neman wa ya yi, nemo abin da zai hana a sake. Na ji maganar Baba, amma wallahi ban daina jin zafin kuɗin zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi da sunka matse bakinsu sunka zuba ba, saboda ruwan zafin mutum ɗaya.

Da munka sake tara kuɗi sai na kafe a kan abu biyu. Kowane gida an sa mai ƙaramar bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in an ja fiye da kima) ta amfiya 2 a akwati mai makulli, wajen wat 450 ke nan, ya ishi fanka da ƙwai da talabijin, kana jona hita ko dutsen guga naka gidan kaɗai zai yi duhu, sai ka zo da ƙafarka a buɗe maka. Ba faɗa ba tonon asiri. Sannan munka fasa bango anka yi tagogi, anka sa silin. Wannan bireka kuɗinta bai taka kara ya karya ba, da tun farko tana nan da baturanmu na nan, abin da ke ci min rai ke nan.

Aiki mai nauyi duk mun mai da shi rana tsaka lokacin da farantan ke zuba wuta. Famfon bohol daga hantsi zuwa azahar, firizar ƙungiya ma da rana take haɗa ƙanƙara, da azumi mata masu zoɓo da kunun aya sun ji daɗinta ƙwarai. Masallaci da islamiyyar dare kyauta munka ja musu, yanzu matan aure na karatu bayan isha'i ba da tocila ba, kuma in na wuce na ji su ina jin alfahari ba kaɗan ba. Guga kuwa kowa ya koma dutsen gawayi, ruwan wanka a murhu.

Yanzu muna tara kuɗin batirin litiyom don ya fi jure tatsa, amma na faɗa musu a taro ko shi munka saya birekar nan ba inda za ta.